Atisaye a hunturu, tsere a gumin Legas: waɗanda suka taɓa yi su ba mu labari

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum. Na yi rajistar gudun fanfalaki na Legas na watan Fabrairu, cikakken kilomita 42. A tsere rabinsa kawai na taɓa yi, kilomita 21, a awa 2 da minti 15. A Zariya nake atisaye bayan sallar asuba, kuma da sanyin nan ina cinye kilomita 25 ban shanye gora ɗaya ta ruwa ba. Har na fara jin kaina. Yayyena da suka taɓa zuwa, me zan tarar?

Direban Bukur: Wa alaikumus salam. Ƙanena, sanyin nan yaudararka yake yi. Ni ma da irin wannan jin kan na tafi. A Jos nake, tudun da ya haura teku da kamar mita 1,200, inda yawancin gwanayen dogon gudun ƙasar nan suke fitowa, su 'yan Pankshin. Na ce tunda numfashina ya saba da tudu, Legas shan ruwa ce. Numfashin bai ba ni kunya ba, gaskiya. Gumi ne ya kayar da ni. A nan iska busasshiya ce, zufa na fita tana bushewa, jiki ya huce. Can iskar kanta jiƙaƙƙiya ce, zufar ba ta da inda za ta je, sai ta zauna maka a jiki kamar an watsa maka kunu. Muna tashi daga filin wasa na Surulere, ban yi kilomita 5 ba rigata ta manne. A gadar Third Mainland kuwa, wajen kilomita 11 kana kan ruwa, babu bishiya babu rumfa, ka ɗaga kai ka ga gada, ka sunkuya ka sake ɗagowa ka ga gada. A kilomita 31 sharaɓata ta dama ta ɗaure, na zauna a bakin titi ina murzawa. Da tafiya da ɗingishi na isa Eko Atlantic, inda tseren ya ƙare, awa 5 da minti 40. Na je da niyyar awa 4 da rabi.

Malamar Firamare: Ni kilomita 21 ce iyakata, a Kaduna na yi, don haka ba ni da ta cewa kan gada. Amma zafi na san shi, tunda da hijabi da dogon wando nake gudu. Na auduga na fara sawa, ya sha zufa ya yi nauyi kamar bargo. Da na koma mara nauyi irin yadin rigar 'yan ƙwallo sai na samu sauƙi. Ka shafa basilin a cinya da hammata, maza har da kan nono, kada ka ji kunya. Maigidana ya ƙi, ya ƙare da jini layi biyu a gaban riga.

Ɗan Tudun Wada: Hajiya, wannan ban taɓa ji ba wallahi. An rubuta.

Tsohon Soja: Yaro, ka ce kilomita 25 ba ka shanye gora ɗaya ba, kamar abin yabo ne. Ciki ma koya masa ake yi. In ba ka saba shan ruwa kana gudu ba, ranar tsere za ka kwankwaɗa ya tsaya maka a ciki yana ƙugi. Ni sau uku na yi na Legas, na farkon tun 2017, shekara guda bayan an fara shi. Abin da na koma yi shi ne, daga Disamba, gudu ɗaya a mako nake fita da ƙarfe goma na safe, rana ta ɗaga, da riga biyu. Ba mai tsawo ba, kilomita 8 zuwa 10. Jiki yana ɗaukar kamar mako biyu ya fara sabawa da zafi. A kowace tashar ruwa ina kurɓa kaɗan, in zuba saura a ka. Kuma ba ruwa zalla ba. Mai yawan zufa in ya cika ciki da ruwa babu gishiri, jiri ne da amai, yana iya kai mutum asibiti. Ina ƙulla ruwan gishiri da sukari irin na masu gudawa a 'yar gora, da dabino bakwai a aljihu, ɗaya duk minti 40.

Dogon gudunka na ƙarshe ya zama kilomita 30 ko 32, saura mako uku. Daga nan ka rage. Wanda ya ƙara nisa a makon ƙarshe don tsoro, gajiyar kawai zai kai Legas.

Mai Shagon Waya: Baba ya gama magana. Nawa kuskuren takalmi ne. Wata biyar ina gudu da wani na gwanjo da na saya a Ƙofar Wambai, ya san ƙafata na san shi. Ana jibi tsere na ga ya tsufa, ba zan shiga hoto da shi ba, na sayi sabo dal. Ga faso da hunturu ya riga ya tsattsaga min dunduniya. Kilomita 18 bororo ya tashi, kilomita 24 ya fashe. Ban ƙarasa ba. Motar kwasar waɗanda suka gaza ce ta ɗauke ni, ina riƙe da sabon takalmin a hannu. Har yau yana ƙarƙashin gado, ban yafe masa ba.

Direban Bukur: Na manta abu guda. Farkon tseren akwai kiɗa da ihu, kowa ya zabura kamar za a kamo 'yan Kenya. Su awa 2 da 'yan mintuna suke yi, kai kana da awa 5 a gabanka. Ka bar su su tafi.

Ɗan Tudun Wada: Baba, ku da kuka yi sau uku, da awa 2 da minti 15 ɗina, nawa zan sa a rai?

Tsohon Soja: A sanyi, da na ce awa 4 da minti 45. A Legas ka ƙara rabin awa, kuma ka fara a minti 7 kowace kilomita ko da ƙafa tana roƙonka ka ƙara. Ka sauka a garin ana saura kwana biyu, kada ka fito daga motar dare ka shiga layi. Daren tsere ka ci abin da cikinka ya sani, shinkafa ko tuwo. Ba ranar gwada miyar yaji a buka ba ce.

Ɗan Tudun Wada: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau na gwada fitar ƙarfe goma da riga biyu. A kilomita 6 na tsaya wajen mai fiya wata na shanye leda uku a tsaye, wani ɗan acaɓa ya tsaya yana tambayata ko lafiya. Sabon takalmin da na yi oda kuma na mayar da shi kwalinsa sai bayan Fabrairu.