Abin da aka tattauna a majalisarmu kan CV da wasiƙar neman aiki

'Yan uwa masu neman aiki, ga abin da na tsinta daga hirar da muka yi a majalisarmu ta Jekadafari nan Gombe, da wani yayanmu da ya daɗe yana tantance takardun masu neman aiki.

Abin da ya fi nanatawa shi ne CV, wato takardar da ke nuna karatunka da ayyukan da ka yi, kar ya wuce shafi biyu, wanda bai jima da gama bautar ƙasa ba ma shafi ɗaya ya ishe shi. Ka fara da aiki ko karatun da ka yi na ƙarshe sannan ka koma baya, kuma don Allah a daina rubuta "ni mai ƙwazo ne", kowa haka yake cewa, faɗi abin da ka yi da hannunka, misali ka koyar da lissafi a sakandare lokacin bautar ƙasa, ɗalibai nawa, aji nawa. Ni wannan ya fi kama ni wallahi, yaranmu da yawa sun iya aiki amma takardarsu bata nuna hakan.

Wasiƙar kuma kowane waje da tasa, ka ambaci gurbin da kake nema da dalilin da ka dace da shi, sakin layi uku ya wadatar. Ba a tura guda ɗaya ko'ina kawai a canza suna.

An ɗan yi gardama kan saka hoto, mafi yawa suka ce a bari sai in an buƙata. Imel ya zama da sunanka na gaskiya, lambar waya mai shiga, ka tura a PDF, kuma kafin ka sa sunan malaminka a matsayin mai tsaya maka, kira shi ka nemi izini tukuna.