Sai ta yi shaida kafin a taimake ta?

Malam: Ni a ganina, duk wadda aka ceto daga hannun masu safarar mutane, kafin a ba ta takardar zama sai ta yarda za ta tsaya gaban alƙali ta nuna su. In ba haka ba, gobe 'yar wani za su ɗauka. Amurka ma, bizar T ta waɗanda aka yi safararsu, wadda dokarta ta 2000 ta kawo, sai mutum ya ba jami'an tsaro haɗin kai.

Hajiya: Malam, Allah ya gafarta maka, ka taɓa zama da ɗaya daga cikinsu? Na yi aiki a gidan da ake saukar da su. Akwai wadda ta fi mako tana kwanciya da takalmi a ƙafa, kullum a shirye take ta gudu. Waya ta yi ƙara, sai jikinta ya hau ɓari. Fasfonta na hannunsu, sun san ƙofar gidan uwarta, ga bashin da suka ɗora mata. Ita za ka tura kotu?

Barista: Ita bizar ma ta ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara 18 da waɗanda firgici ya hana magana wannan sharaɗi. Yarjejeniyar Majalisar Turai (Council of Europe) ta 2005 kan safarar mutane kuma ta ce a ba mutum aƙalla kwana 30 hankalinsa ya dawo, ba kora. Italiya tun 1998 take ba da takardar zama ko da mutum bai kai ƙara ba.

Malam: To shari'ar fa, Barista? Ba shaida, ba hukunci.

Barista: Shaidar da aka samu da sharaɗi ita ta fi saurin rushewa. Lauyan wanda ake tuhuma zai miƙe ya ce da takarda aka saye ta. Kuma me ta sani? Wanda ya yaudare ta yana ƙasa ɗaya, mai jabun takardu yana wata, mai karɓar kuɗi yana ta uku. Sau tari laƙabi kawai ta riƙe. Shi ya sa yarjejeniyar Palermo ta 2000, ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta dage kan bin sawun kuɗi da haɗin kan ƙasashe.

Ɗalibi: Yaya Barista, akwai tsoron rantsuwa ma. A watan Maris na 2018 sai da Oba Ewuare na Biyu, sarkin Benin da ke Jihar Edo, ya warware rantsuwar tsafin da ake sa 'yan mata su yi. Kuma a tuna da maza, masu bauta a gonaki da jiragen kamun kifi.

Malam: Kwana 30 ɗin na yarda. Amma bayan nan ina nan kan bakana, wallahi yaran da ba a ɗauka ba tukuna nake ji.

Hajiya: Ni ma su nake ji, Malam. Mai takalmin nan sai a wata na biyar ta ce in kira mata ɗan sanda. Da kanta ta zaro wata 'yar takarda daga haɓar zaninta, lambobin waya uku ne a jiki.