Neman kalma: tsuntsun Antaktika da tsayuwar da yake yi da 'yan'uwansa cikin sanyi

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa masu kishin harshe. Ina rubuta wa yara darasi a kan yadda tsuntsun nan da Turawa ke kira "penguin" yake rayuwa a sanyin da ke daskarar da ruwan teku, sai kalmomi biyu suka tsaya mini. Ta farko sunan tsuntsun. Ta biyu, wadda ta fi hana ni sakat, sunan abin da suke yi idan guguwa ta taso: dubban tsuntsaye su matsu wuri guda, ƙirjin wannan a bayan wancan, kowa ya sunkuyar da kai. Da Turanci "huddle" ake cewa. Malam da Hajiya da Yaya da wasu 'yan'uwa sun riga sun kawo tambayoyi da shawarwari a kan kalmomin, zan kuma amsa su a nan. Ga inda na tsaya, a gyara mini.

Sunan tsuntsun tukuna. Na ga ana rubuta "tsuntsun ƙanƙara". Yana da daɗi a baki, amma zai sa yaro ya ɗauki kuskure. Ire-irensa sun kai wajen 18, kuma kaɗan ne daga ciki ke hayayyafa a kan ƙanƙarar Antaktika, nahiyar da ke can ƙarshen kudancin duniya. Akwai na gaɓar Afirka ta Kudu da Namibiya, mai kuka kamar na jaki. Akwai na tsibiran Galapagos, dab da layin da ya raba duniya biyu, wanda damuwarsa zafin rana ce. Ya za a ce da waɗannan tsuntsayen ƙanƙara?

"Agwagwar teku" ma na ajiye ta. Mutane da dama sun bi irin wannan hanya: Sinawa suna ce masa dinya mai tsayuwa, kuma Pigafetta, marubucin tafiyar kewaya duniya a jirgin ruwa da Magellan ya jagoranta, da ya gan su a 1520 dinya ya kira su. Sai dai ba dangin agwagwa ba ne, kuma a darasin kimiyya wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kalmar Turancin ma gado ce: asalinta sunan wani tsuntsun tekun arewa ne da ba ya tashi, wanda aka kashe na ƙarshensa a wani tsibiri kusa da Aisland a 1844.

Don haka na zaɓi aro: fengwin. Haka bakin Bahaushe ya yi da fensir da fenti. Namiji ne a nahawu, jam'insa tsuntsayen fengwin. Mafi girmansu, wanda tsayinsa ya haura mita 1 kuma nauyinsa kan kai kilogiram 40, na kira shi babban fengwin. Shi ne maganarmu.

Malam, na ga tambayarka cewa me zai hana a ce "taro" kawai a wuce. Allah ya ƙara ilimi. Bari in faɗi abin da kalmar za ta ɗauka, sai ka auna ko "taro" zai iya.

Babban fengwin a tsakiyar hunturun Antaktika yake hayayyafa, lokacin da sanyi kan kai digiri 40 ƙasa da sifili, iska kuma ta haura kilomita 140 a sa'a. A watan Mayu ko farkon Yuni macen ta saka ƙwai ɗaya tal, ta miƙa wa namijin, ta nufi teku neman abinci. Shi kuma ya ɗora ƙwan bisa ƙafafunsa, ya rufa shi da fatar ciki, ya yi kwanci a tsaye na wajen kwana 65. Daga isowarsa wurin zuwa dawowar macen kusan wata huɗu ne, bai sa komai a ciki ba sai ƙanƙara. Kafin ta dawo ya zubar da kusan rabin nauyinsa. Ke nan duk ɗumin da ya tsere daga jikinsa kitse ne ya ƙone, kuma babu inda zai samo wani. In kitsen ya ƙare kafin lokaci, dole ya bar ƙwan ya tafi teku.

Jikinsa kuwa ya yi nasa ƙoƙarin. Gashinsa hawa-hawa ne: na waje gajere mai tauri, ya hau kan juna yana tare iska da ruwa, a ƙarƙashi kuma ga lallausan gashi da ke riƙe iska a jikin fata. A kan tudu gashin nan shi ke yin kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na aikin tare ɗumi. Yana shafe shi da man da yake lakatowa da baki daga gindin wutsiyarsa. Ƙarƙashin fata akwai kitse mai kaurin da kan kai santimita 3, wanda amfaninsa ya fi fitowa a cikin ruwa, inda nauyin ruwan ke danne gashin ya kori iskar da ke ciki. Abin da ya fi burge ni shi ne awon da aka yi da kyamarar gano zafi, aka wallafa a 2013: saman gashinsa ta waje ya fi iskar da ke kewaye da shi sanyi, alhali cikin jikinsa yana wajen digiri 38. Ɗumin ba ya isowa waje ke nan, sai ɗan abin da ba a rasa ba ta ido da baki da ƙafa.

Duk da wannan shiri, tsuntsu ɗaya a tsaye shi kaɗai cikin guguwa kitsensa ba zai kai shi ƙarshen kwanci ba. Sai sun haɗu. In suka matsu, wajen guda 10 kan shiga murabba'in mita ɗaya, kowanne gefensa ya ɓuya a jikin na kusa. Masu bincike na Faransa da ke aiki kusa da tashar bincike ta Dumont d'Urville a Antaktika sun maƙala wa wasu na'urar awo, suka ga zafin da ke tsakiya ya kai digiri 37.5. A waje ana daskarewa, a ciki kamar jikin mutum. Wannan shi ne abin da nake nema wa suna, Malam, kuma "taro" ya yi masa faɗi. Ana taro kowa da tazararsa.

An kawo "cunkoso", an kawo "cincirindo", wani ɗan'uwa ya ce "turmutsitsi". Na gode ƙwarai. Amma ku saurari kalmomin. Cunkoso abu ne da ake ƙorafi a kai, kowa na neman fita. Cincirindo na masu kallo ne, akwai abin da ya ja su. Turmutsitsi kuwa har rai ake rasawa a ciki. Dukansu suna ɗauke da rashin tsari, su kuwa tsuntsayen nan tsarinsu ne abin mamakin. An ɗauki hotonsu a jere kusa da tashar Neumayer ta Jamus, aka wallafa sakamakon a 2011: duk bayan daƙiƙa 30 zuwa 60 sai wani ya ɗan gusa da santimita 5 zuwa 10, na kusa da shi ya bi, motsin ya ratsa su gaba ɗaya kamar igiyar ruwa. Ba ture, ba tattake, kuma kowa da ƙwai a kan ƙafa.

Hajiya ta kawo "ƙudundune", kuma na daɗe ina juya ta, don ita kaɗai ce ta zo da sanyi a cikinta. Matsalarta ɗaya: jiki guda ne ke ƙudundunewa, mutum ya naɗe gwiwa da ƙirji. Zan yi amfani da ita ga tsuntsu ɗaya idan ya nutsar da kai cikin kafaɗu ya manne fukafukai. Na gode, Hajiya, kin ba ni kalmar da ban san ina nema ba.

Tawa shawarar ita ce curin ɗumi. Idan aka ce abubuwa sun cure, ai sun matsu har sun zama abu guda, ba a gane farkon wannan da ƙarshen wancan. Haka suke daga nesa, baƙin dunƙule guda a kan farar ƙanƙara. Tana kuma juyuwa a jimla ba wahala: sun cure, sun yi curi, curin ya watse. Kuma lallai yana watsewa. In zafi ya yi wa na tsakiya yawa sai su buɗe, har a ga tururi na tashi daga cikinsu, in sanyi ya sake kamawa su sake curewa.

Yaya, gyaranka ya shiga: curi ba ya tafiya, wannan kuwa yana tafiya. Gaskiya ne. Waɗanda ke gefen da iska ke bugawa sukan zame, su bi ta gefe su koma bayan iska, nan da nan wasu su zo su rufe su, sai ga na bakin ɗazu a tsakiya. Da haka dunƙulen gaba ɗaya yake gusawa a hankali yana bin inda iska ta nufa. Amma a ganina ba sai suna ɗaya ya ɗauki komai ba. Muna da "karɓa-karɓa" a hannu, ta dace da wannan juyin daidai. Curin ɗumi sunan tsayuwar, karɓa-karɓa yadda ake zama a cikinta.

Tunda ana tambayar yadda ƙafafunsa ba sa daskarewa a kan ƙanƙara: a cinyar babban fengwin da gindin fukafukinsa, jijiyar da ke kai jini mai ɗumi waje tana manne da wadda ke dawo da mai sanyi. Suna wuce juna, mai fita yana ba mai dawowa ɗuminsa, sai jini ya isa ƙafa a sanyaye, ya koma ciki a ɗumame. Ƙafar tana zama sama kaɗan da daskarewa, ba ta kuma zubar da ɗumi a kan ƙanƙara. Na sa wa wannan musayar ɗumi a saɓani, don saɓani ne suke yi, wannan na tafiya wancan na dawowa. Hancinsa ma haka yake ƙwato wajen kashi 80 cikin 100 na ɗumin da zai fita da numfashi. Sannan yakan ɗaga yatsu ya zauna kan dunduniya, ya dogara da wutsiya.

Ga yadda jimlar za ta shiga darasin: "Idan guguwa ta taso, tsuntsayen fengwin sukan yi curin ɗumi, suna karɓa-karɓa tsakanin baki da tsakiya." Ku karanta wa yaro ɗan shekara 10, ku gaya mini inda ya tsaya.

Saura guda. Fatar cikin nan da ke saukowa ta rufe ƙwan, inda ɗan tsakon ma ke ɓuya bayan ƙyanƙyasa, na rubuta mata "aljihun kwanci" da fensir. Malam, Hajiya, Yaya, ko akwai wadda ta fi ta?