Wai inji mai KV babba da batir 3S ne kawai ke sa motar rimot gudu?

Baban Amira: Assalamu alaikum 'yan uwa. Motata ta rimot 1/10 ce, wato kashi ɗaya cikin goma na girman motar gaske, mai manyan tayoyi, ta zo da injin 550 mai burushi da batirin NiMH mai ƙwaya bakwai. Injin ya soma sanyi, in na tsaya har warin ƙuna yake yi. Ina so in koma inji marar burushi da batirin LiPo gaba ɗaya. Na ga 3300KV, na ga 4300KV, na ga 5700KV, duk girman 3650 ne, kuɗinsu ma kusan ɗaya. Wanne zan ɗauka, kuma batir 2S (ƙwaya biyu, bolt 7.4) ko 3S (ƙwaya uku, bolt 11.1)? A filin ƙwallon unguwa muke tuƙawa ni da yarona.

Ɗan Gudu: Wa alaikumus salam Yaya. Wannan ai ba ta buƙatar dogon tunani. KV shi ne yawan juyin da inji zai yi a minti ɗaya a kan kowane bolt. Tunda kuɗin ɗaya ne, ɗauki 5700 ka ɗora masa 3S. Lissafa da kanka: 5700 sau 11.1, juyi 63,270 kenan a minti. Shi kuwa 3300 a kan 2S ko 25,000 bai cika ba. Duk wanda ya ce maka ka sayi ƙarami, tsoro ne kawai yake ji. Babban KV da babban batir, magana ta ƙare.

Baba Mai Rediyo: Yaro, lissafinka daidai ne, amma juyin inji ne a hannu, babu taya babu nauyi. Haka ake auna KV ɗin tun daga kamfani. Da zarar ka ɗaura masa mota mai kilo biyu da rabi ka jefa ta cikin yashi, wata magana ce daban. Duba takardar da ke zuwa da waɗannan injunan na 3650. Galibi akwai iyakar juyi a rubuce, wasu 50,000, wasu 60,000. Kuma 3S da ya cika 12.6 ne, ba 11.1 ba, wato injinka zai nemi ya wuce 70,000. Maganaɗisun da ke jikin sandar tsakiya manne yake, an naɗe shi. A wannan juyin ko ya ɓalle ya daki koyil, ko boris ya tafi. An sha kawo mini irinsu a shago, kana juya sandar da yatsa kana jin ƙaras-ƙaras a ciki.

Ɗan Gudu: Baba, ai shi ya sa aka yi giya. Sai ya rage haƙoran ƙaramar giyar da ke bakin inji, nauyi ya ragu a kansa. Ni haka nake yi kuma tawa tana nan tana gudu.

Baba Mai Rediyo: Rage haƙora yana rage nauyi, ba ya rage juyi. Ƙara masa juyi ma yake yi. Sannan akwai inda za ka rage har wurin zaman injin ya ƙare, giyoyin biyu su daina haɗuwa.

Ɗalibin Lantarki: Baba, a ba ni dama in sa baki, don ina ganin kowa na da rabin gaskiya a nan. Ɗan Gudu bai yi kuskure a kan 3S ba, a kan haɗa shi da 5700 ne ya kauce. Mu ɗauki mota biyu masu gudu ɗaya. Ta farko 5000KV a kan 2S, juyi 37,000. Ta biyu 3300KV a kan 3S, juyi 36,630. Kusan kunnen doki. To a ce kowacce tana buƙatar wat 500 a lokacin da aka taka ta sosai. Mai 2S za ta ja amfiya kusan 68, mai 3S kuwa 45 kacal. Zafin da waya da fulogi da ESC (na'urar da ke sarrafa wutar da ke zuwa inji) ke yi kuma ba ninki ɗaya yake tashi ba, amfiya sau amfiya ne. Don haka mai 2S ɗin tana dafa wayoyinta fiye da ninki biyu na ɗayar, alhali a fili kafaɗa da kafaɗa suke tafiya. Wannan ne ya sa manyan motoci na 1/8 suke amfani da inji mai wajen 2000KV a kan 4S ko 6S. Da babban KV ne sirrin ƙarfi, da su za su fara ɗaukarsa.

Baban Amira: To kenan ƙaramin KV ya fi ƙarfin ja? Haka wani mai sayarwa ya rubuta.

Ɗalibin Lantarki: Yaya, ana yawan faɗin haka, amma sai an gyara maganar. A kan kowace amfiya ɗaya, eh, ƙaramin KV ya fi ba da ƙarfin murɗa. Mai 5700 sai ya ja amfiya kusan ninki 1.7 na mai 3300 kafin ya murɗa taya da ƙarfi iri ɗaya. Amma iyakar abin da inji zai iya ɗauka kafin ya ƙone, girman jikinsa ne ke yanke shi: yawan tagulla da ƙarfe da maganaɗisun da ke ciki. Lambar 3650 na nufin faɗi milimita 36, tsawo 50. Mai 3660 ya fi shi tsawo da milimita 10, kuma wannan goman ta fi duk wani bambancin KV amfani ga mota mai nauyi. In wurin zaman injinka zai ɗauki 3660, ni shi zan duba.

Kawu na Ingila: Sannunku. Na karanta duka, kuma ni ban yarda da Ɗan Gudu da Ɗalibin Lantarki ba a kan 3S ga mutumin da ke farawa. A nan kulob ɗinmu, da ma gasar 1/10 da ake yi ƙarƙashin ƙungiyoyin shirya gasa, BRCA a Birtaniya ko ROAR a Amurka, 2S ake amfani da shi, kuma kafin a hau fili ana auna batir a tabbatar ba a cika shi fiye da ƙa'ida ba. Injunan rukunin da yawancin mutane ke shiga su ne 17.5T da 13.5T. Yawan T ɗin nan naɗin waya ne, in ya yi yawa KV ya sauka, 17.5T ɗin bai wuce dubu biyu da 'yan kai ba. Amma ka zo ka ga yadda mutumin da ya iya tuƙi yake zagaye fili da shi. Ɗan Gudu, ƙanina, da 5700 ɗinka a kwanar farko za ka bar hanya. Gudun da ba ka iya juya shi ba, asarar kuɗin kayan gyara ne. Batir 3S ya fi 2S bolt da rabi, to mota za ta ƙara gudu da kusan rabi, amma dukan da za ta sha in ta daki turken raga ya haura ninki biyu. Baban Amira ya ce da yaro yake tuƙawa. Giyoyin cikin motar nan da sandunan tayoyinta an yi su ne don injin burushi.

Ɗan Gudu: Kawu, ku tsere kuke yi a kan kafet mai kwana-kwana, mu a fili muke miƙewa. Ba abu ɗaya ba ne. Kamfanin Traxxas da kansu suna sayar da motarsu Slash mai injin Velineon 3500 da ESC ɗin VXL-3s, kuma 3S yake ɗauka. Su ba su san aikinsu ba ne?

Kawu na Ingila: Sun sani, shi ya sa suka sa 3500 ba 5700 ba. Ka kawo hujjar da ta kayar da kai. Kuma wannan motar an fito da ita ne da boris da kayan da za su ɗauki wannan ƙarfin.

Baba Mai Rediyo: Akwai abin da ba wanda ya taɓo, kuma shi ya fi damuna. Zafin gari. Shawarar da kuke karantawa a intanet mutanen ƙasashen sanyi ne suka rubuta ta. Ana so jikin inji kada ya wuce digiri 75 zuwa 80, don in ya wuce haka maganaɗisun yana rasa ƙarfinsa kuma ba ya dawowa. Kawu yana fita fili a digiri 15, yana da tazarar 60 a gabansa. Mu a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato daga 40 muke farawa, ƙasar fili kuma ta fi haka zafi. Rabin tazararsa muke da ita, ko ɗan fiye. Giyar da ta yi masa daidai, mu ƙona inji za ta yi. Baban Amira, ko wane inji ka saya, ka fara da ƙaramar giya mai haƙora kaɗan, ka tuƙa minti biyar, ka tsaya ka ɗora yatsa a jikin injin. In ba za ka iya barin yatsan na daƙiƙa uku ba, ya yi zafi, rage haƙori biyu. Ƙaramar na'urar auna zafi mai haske ta fi yatsa, kuma ba ta kai kuɗin sabon inji ba. Yashi da ciyawa su ma suna ƙara nauyi, abin da ya yi sanyi a kwalta zai yi zafi a filin ƙwallo.

Maman Sadik: Baba, Allah ya ƙara girma. Ni tambayata daban ce. Dole ne sai LiPo? Motar ɗana NiMH take amfani da shi kuma hankalina kwance. Na ga hotunan LiPo da ya kumbura ya kama wuta. Gida mai yara, ga wutar da sai tsakar dare ake kawowa, mutum ya jona caji ya kwanta. Ni wannan nake tsoro, ba KV ba.

Ɗalibin Lantarki: Anti, tsoronki yana kan hanya, kuma inji marar burushi yana aiki da NiMH in ESC ɗin ya yarda. Matsalar ita ce NiMH ya fi nauyi, kuma in inji ya nemi amfiya mai yawa bolt ɗinsa faɗuwa yake yi, sai motar ta yi laushi daidai lokacin da ake son ƙarfi. LiPo kuwa yana da dokoki, wanda ba zai bi su ba gara ya tsaya a NiMH. Kowace ƙwaya ba ta wuce bolt 4.2 a caji, ba a barin ta ta sauka ƙasa da 3.0, shi ya sa ake saita ESC ya yanke a wajen 3.2. In za a ajiye shi kwanaki, a bar shi a 3.8, ba a cike ba. Caja dole ta zama mai daidaita ƙwayoyi ta wannan ƙaramar farar fulogin. Batir mai 5000mAh a caje shi da amfiya 5. Ba a caji a kan katifa ko kujera, ba a bar shi a mota a rana, ba a jona shi a tafi barci. Wanda ya kumbura kuma ya gama aiki. Game da wutar dare, caja irin iMAX B6 tana karɓar bolt 11 zuwa 18, don haka da rana tsaka za a iya jona ta a batirin sola ko na mota, kana zaune kana kallo.

Maman Sadik: To ni dai har yanzu ban ga abin da yaro ɗan shekara tara zai yi da wannan ba. Baban Amira, in ka saya, caja da batir su zauna a hannunka kai kaɗai.

Ɗan Gudu: Maganar batir, a nan ma babbar lamba ce gaskiya. Lambar C ce ke nuna yawan amfiyar da batir zai iya bayarwa, ka nemi 100C, kada ka sayi 50C.

Baba Mai Rediyo: Wannan lambar C ɗin ba wata hukuma da ke tantance ta, kowa abin da ya ga dama yake bugawa a takarda. Lissafa mana: 5000mAh sau 50C amfiya 250 ne. Sau 100C, amfiya 500. Dubi wayar da ke fitowa daga batirin da fulogin XT60 da ke bakinta, wanda don amfiya 60 aka yi shi. Ta ina 500 za ta bi? Batirin kirki mai 50C ya fi na banza mai 100C. In kana son sani, caja mai kyau tana nuna juriyar cikin kowace ƙwaya, ƙarama kuma daidai da juna ita ake nema. Af, Baban Amira, in motarka tana da wannan farar fulogin irin ta Tamiya, cire ta ka sa XT60 ko Deans da dalma mai kyau. An yi ta ne tun zamanin ƙananan injuna, marar burushi narkar da ita yake yi.

Kawu na Ingila: Ƙari biyu. In kana son motar ta tashi a hankali ba tare da fizga ba, musamman a hannun yaro, nemi inji mai sensa, wanda ke da ƙarin siririyar waya zuwa ESC. Marar sensa yana ɗan kakkarwa a farkon tashi don sai ya soma juyi ESC ke gane inda sandar take. Sai dai a ƙurar hunturu da yashi marar sensa ya fi juriya, ya kuma fi araha, don haka ba zan matsa ba. Na biyu, in wani zai taho maka da batir a jirgi, a jakar hannu ake sa shi, ba a kayan da ake aunawa ba, kuma iyakar da aka saba ita ce 100Wh. Mai 2S 5000mAh 37Wh ne, mai 3S 55.5Wh, duk suna ƙasa da iyaka.

Baban Amira: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga abin da zan yi: 3300KV, ESC mai ɗaukar 2S da 3S duka, sai batir 2S 5000mAh mai ƙwanso mai tauri. Zan auna wurin inji in ga ko 3660 zai shiga. In hannunmu ya faɗa, kayan ciki kuma suka nuna za su jure, sai in ƙara 3S daga baya ba tare da na sake inji ba.

Ɗan Gudu: Ba komai Yaya, kuɗinka ne. Amma ni ban sauka ba. A miƙe a fili, 5700 ɗina ko a 2S zai bar 3300 ɗinka a baya, 42,000 da 24,000 ba ɗaya ba ne. In kayanka sun iso mu haɗu ranar Asabar.

Baba Mai Rediyo: A 2S na yarda zai wuce shi a miƙa ta farko. Ku haɗu da ƙarfe biyu na rana, ba da safe ba, ku tuƙa har batir ya yanke. Zan taho da na'urar auna zafi, a auna inji da ESC da fulogi na kowa bayan minti biyar da bayan minti goma. Ɗan Gudu, ka zo da takardar injinka mu ga iyakar juyin da aka rubuta a ciki.