Muhawara: Shin wasan gem da ba a yi shi don tsoratarwa ba ya fi iya firgita mutum?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Daren jiya ƙanena ya kunna tsohon wasan Sonic na Sega a wayarsa, ni kuma ina gefe ina cin tuwo, sai na ji kiɗan nan na nutsewa a ruwa ya tashi, wanda yake ƙara sauri yayin da lambobi suke sauka daga 5 zuwa sifiri. Wallahi sai da na ajiye lomar da ke hannuna, gabana yana faɗuwa kamar yadda yake yi tun ina firamare. Wasan nan na 1991 ne, labarin wata shuɗiyar bushiya ce mai gudu tana tsintar zobba, babu aljani babu gawa a cikinsa, amma ban taɓa buga wasan ban tsoro da ya kama ni kamar daƙiƙoƙin nan ba, lokacin da kake laluben kumfar iska a ƙarƙashin ruwa ka rasa. Ga maganar da na kawo, mai ja ya ja: wasan da ba a yi shi don tsoratarwa ba, idan ya tashi tsorata mutum, ya fi wasan ban tsoro na ainihi iya aikin. Wanda ya sayi Resident Evil ya san abin da ya saya, da shirinsa yake shiga, amma wanda ya zauna gaban Sonic ko Mario ya riga ya saki jiki, kuma a sakin jikin ne ake shammatar sa.

Malamin Lissafi, Kawo:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, na ja. Yarintarka ce ta faɗar maka da gaba jiya, kuma Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga igiya sai ya gudu. Ka tuna yadda muke buga wasan a gidan gem: kuɗin karin kumallon da aka ba ka na makaranta ka ɓoye ka biya, yara biyar suna tsaye a kanka suna jiran ka mutu su karɓi fad, wato abin da ake riƙewa a hannu ana sarrafa wasan, saboda haka nutsewar Sonic nutsewar kuɗinka ce. Duk wanda aka sa a wannan hali gabansa zai faɗi ko da kiɗan biki aka sa masa. Bayan haka, yawancin abin da ake kira ban tsoro a irin waɗannan wasanni bakin yara ne ya ƙirƙire shi. Shekara nawa muka yi muna yawo cikin dajin GTA San Andreas muna neman dodon nan mai gashi da ake kira Bigfoot, kowa yana rantsuwa cewa yayan abokinsa ya gan shi? Babu shi a cikin wasan, ba a taɓa sa shi ba. Haka labarin da aka yi ta yaɗawa cewa kiɗan garin Lavender na wasan Pokémon na 1996 ya hallaka yara a Japan, ƙarya ce tsagwaronta. Abin da ya faru da gaske a talabijin ne, a watan Disamba na 1997, lokacin da walƙiyar fitilu ja da shuɗi a wani shirin Pokémon ta sa aka kai yara sama da 600 asibiti, sai masu ƙirƙirar labari suka ɗauki wannan suka jingina wa wasan.

Mai Gyaran Waya:
Malam, Allah ya ƙara basira, amma misalin San Andreas da ka kawo yana iya juyowa kanka. Me ya sa jita-jitar ta kama a wannan daji, ba ta kama a tsakiyar Los Santos, birnin da ke cikin wasan, ba? Hazo ne. Na'urar PlayStation 2 megabait 32 kacal ne babbar ƙwaƙwalwarta, ba za ta iya zana abin da ke nesa ba, don haka kamfanin Rockstar ya lulluɓe nesa da hazo irin namu na hunturu, wanda kake tsaye a bakin gadar kogin Kaduna ba ka hango ɗaya gefen. A wancan daji da ake kira Back o' Beyond akwai tsofaffin motoci ƙirar Glendale, duk a lotse, da wasan yake ajiyewa a kan gangare, sai ka ga mota tana gangarowa a hankali babu direba, cikin duhu da hazo. Wannan kam yana nan, na gani da idona, kuma na san lissafin na'ura ne kawai, amma sanin bai hana ni juya babur ɗin CJ, jarumin wasan, na bar wurin ba. Hujja ta biyu ita ce lokacin da aka sake fitar da wasan a 2021 aka cire hazon, sai mutane suka hau dogon bene suka hango ƙasar gaba ɗaya kamar tabarma, ƙarama, duk kwarjininta ya tafi, aka yi ta ƙorafi. Ke nan jita-jita ta samu wurin zama ne domin wasan da kansa ya bar mata duhun da za ta shiga.

Uwar Biyu, Malali:
Ku gafarce ni, yayyena, zan sa baki duk da ban taɓa taka gidan gem ba, domin a zamaninmu yarinyar da aka gani a can ta shiga uku a gida. Malam ya ce yarinta ce da tsoron asarar kuɗi, to ni ina da shekara 34, kuma ba ni da ko sisi a cikin lamarin. Ɗana babba yana buga Minecraft a wayata, wasan da na amince da shi saboda gini ne da noma da kiwon tumaki. Wata rana bayan sallar isha'i an ɗauke wuta, ya roƙe ni in riƙe masa in ci gaba da haƙa rami yayin da zai je ya sha ruwa, na sa abin saurare a kunne. Ina cikin sara dutse a wani kogo, babu kiɗa babu komai sai ƙarar diga, sai wani sauti ya taso daga bayana, mai kama da nishi cikin rijiya, ya ja tsawo ya ɓace. Na juya babu kowa. Da na ɗaga kai can ƙarshen ramin sai ga wani dogon baƙin abu, hannuwa har gwiwa, idanu masu ruwan hoda da shuɗi suna haske, yana riƙe da curin ƙasa, yana tsaye kawai. Ina kallon fuskarsa ya buɗe baki yana karkarwa. Jefar da wayar na yi a kan katifa, yaron ya dawo ya same ni ina karanta Ayatul Kursiyyu, ya yi ta dariya yana cewa, Mama ai Enderman ne, ba a kallon idonsa, in kuma za a kalla sai an kifa kabewa a kai. Malam, wace yarintar ce ta kama ni a nan?

Malamin Lissafi, Kawo:
Hajiya, Allah ya huci zuciyarki, na yarda kin tsorata, kuma na janye batun kuɗin karin kumallo a kanki. Amma ki lura cewa an ɗauke wuta, dare ne, kin toshe kunnuwanki, kuma ba ki san dokokin wasan ba. Yaron da ya san su dariya ya yi. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma tsoron da sani yake kashewa cikin minti ɗaya ban ga yadda za a ce ya fi na wasan da aka gina shi tun daga tushe don ya hana mutum barci ba.

Yaya Babba:
Ƙannena, ni ne na riƙe gidan gem shekara shida a unguwarmu, talabijin huɗu da ƙaramin janareta, saboda haka na ga fuskokin yara fiye da kowa a nan. Yawanci ƙwallo ake bugawa da Mortal Kombat, wanda ake fizge kan mutum da lakarsa yara suna tafi, babu mai tsoro. Abin da ya taɓa watsa mini shago shi ne Metal Gear Solid na 1998, wasan soja da leƙen asiri. Wani yaro mai naci ya kai wurin da ake faɗa da Psycho Mantis, mutumin da ke shawagi a iska da takunkumin gas a fuska. Sai mutumin ya daina kula jarumin wasan, ya juyo yana magana da mai riƙe da fad, yana faɗa masa irin yadda yake wasa da yawan ajiyar da ya yi a katin memori, sannan ya ce a ajiye fad a ƙasa zai motsa shi da ƙarfin tunaninsa. Wani mai jin Turanci ya fassara, yaron ya ajiye a kan benci, fad kuwa ya kama rawa yana tafiya da kansa. Kafin a ce kwabo rabin shagon yana waje, har da wanda ya bar takalminsa. Ana cikin faɗan kuma allon ya yi baƙi ƙirin, wasu koren haruffa suka fito a kusurwa, ni kaina na tashi ina jijjiga wayar bayan talabijin ina zaton ta lalace, ashe sunan wanda ya ƙirƙiri wasan ne, Hideo, aka rubuta a inda aka saba ganin kalmar bidiyo. Sai bayan kwanaki muka gano cewa ba a cin galabarsa cikin sauƙi sai an cire fad daga rami na ɗaya an mayar na biyu, domin ya kasa karanta tunaninka. Malam, na san injin jijjiga ne a cikin fad ɗin, ni nake kwance su ina gyarawa, amma a daren nan da na zo rufe shago ban yarda na juya wa talabijin ɗin baya ba.

Malamin Lissafi, Kawo:
Yaya, ranka ya daɗe, labarinka ya fi na kowa daɗi, amma ni ya taimaka. Hideo Kojima da gangan ya shirya wannan fage domin ya tsorata mutane, da dabarun masu wasan ban tsoro ya yi aiki. Ashe ke nan guntun wasan ban tsoro ne aka dasa a cikin wasan soja, kuma yabon na wancan fanni ne. Haka unguwar Ravenholm a Half-Life 2, haka ƙasan rijiya a Zelda. Idan mai tuwo ya sa yaji a miya har ka yi hawaye, ba za ka ce tuwo ya fi barkono zafi ba.

Ɗan Tudun Wada:
Malam, ai ban ce babu ganganci ba. Cewa na yi inda aka ajiye abin shi ne yake ba shi ƙarfi. Barkonon da ka gani ka ɗauka da hannunka daban yake da wanda ka tauna a cikin kunun da ka sha sau ɗari ba ka taɓa samun sa ba. Ka ɗauki Super Mario 64 na 1996. Ka shafe awa da awa cikin ciyawa da rana da kiɗa mai daɗi, sai ka nutsa cikin ruwan Jolly Roger Bay wurin jirgin da ya nitse, kiɗan ma mai sanyi ne kamar na lallashin jariri, kawai sai ka ga katon kan wani kifi mai siffar maciji ya leƙo daga tagar jirgin, idanu a waje, haƙora a jere, ba ya ko gaggawa. Da a Resident Evil aka sa shi, da harsashi biyu za ka ba shi ka wuce. A nan ba ka da bindiga, numfashinka yana ƙarewa, kuma wasan ya riga ya yi maka alkawarin cewa duniyarsa lafiya lau ce. Saɓa wannan alkawari nake magana a kai.

Autan Zaure:
Yayyena, ni ban riski Sega ba, amma ina da tambaya ga Malam. A GTA V na 2013 akwai fatalwar wata mata da take bayyana a kan dutsen Mount Gordo daga ƙarfe 11 na dare zuwa 12 a agogon wasan, in ka matso ta ɓace, a kan dutsen kuma an rubuta sunan mijinta da jini. Wannan tana nan da gaske, ba irin Bigfoot ba ce. Na san da ita tun kafin in je, na ga hotonta, na hau dutsen musamman domin in gan ta, kuma da na hango ta ta madubin bindiga tsigar jikina ta tashi. Idan sani yana kashe tsoro kamar yadda ka ce wa Anti, me ya sa bai kashe nawa ba?

Mai Gyaran Waya:
Kafin Malam ya amsa, akwai wani abu game da Zelda da ya ambata wanda ya shafe mu kai tsaye. A bugun farko na Ocarina of Time na 1998, kiɗan Haikalin Wuta yana ɗauke da muryoyin maza da aka tsinto daga wani faifan sautuka, kuma muryoyin na addu'ar Musulmi ne, daga baya Nintendo ta cire su, ta kuma sauya alamar jinjirin wata da tauraro da ke jikin wata garkuwa. A ganina, waɗanda suka ƙirƙiri wasan sun sa muryoyin ne domin wurin ya yi kwarjini da baƙunta a kunnen wanda bai saba da su ba. Ni kuwa da na ji su a tsohon kaset, muryoyin gida na ji, irin waɗanda nake ji daga lasifikar masallaci kullum, amma a cikin kogon wuta da dodanni, kuma hankalina bai kwanta ba sai da na rage sautin. Ban san a wane ɓangaren muhawarar nan zan ajiye wannan ba, domin abin da aka yi don ya zama baƙo ne ya dame ni saboda na san shi.

Malamin Lissafi, Kawo:
Auta, amsarka ita ce ka je neman tsoro ka same shi, wanda shi ne ainihin abin da mai sayen wasan ban tsoro yake yi, don haka kai shaidata ne, ba shaidar Ɗan Tudun Wada ba. Batun Zelda kuwa na yarda ya fi ƙarfin lissafina, zan kwana a kansa. Amma ina nan kan bakana, kuma ina da shawara. Yaya Babba ya taɓa ce mini PlayStation ɗinsa ta farko tana nan cikin kwali. Ranar Asabar bayan isha'i mu haɗu a gidansa, a kashe fitila, Ɗan Tudun Wada ya buga Silent Hill na minti 30, sannan a ba shi Sonic ya nutse sau goma, Hajiya kuma ta aiko mana da ɗanta ya riƙa kallon fuskarsa, tunda shi ne kaɗai bai tsorata ba a duk labaran nan.

Yaya Babba:
Na'urar tana nan, amma fad ɗaya ne ya rage mai aiki, kuma wanda zai zo ya taho da man janareta.