Tsoro ne ya sa Disney suka rufe Splash Mountain, ko lokacinsa ne ya yi?

Baban Hanifa: Salamu alaikum jama'a. Jiya muka kai yara Magic Kingdom, filin wasan Disney na Florida, na tsaya gaban dutsen nan da ada yake Splash Mountain, lilon ruwan nan, sai na ji raina ya sake ɓaci, kututturen bishiyar da ke saman dutsen ma sun cire shi. Ni dai maganata ɗaya ce kuma ba zan janye ba, tsoron masu surutu a intanet ne kawai ya sa Disney suka rufe lilon nan, babu wani laifi a cikinsa. Tun 1992 yake aiki a Florida, na Kalifoniya ma tun 1989, duk shekarun nan ba wanda ya ce uffan sai da ɗan sanda ya kashe baƙar fatan nan George Floyd a watan Mayun 2020, wata ɗaya tsakani suka fito suka ce za su canza shi. To wannan ba tsoro ba ne?

Maman Sultan: Wa alaikumus salam. Baban Hanifa wai ba wanda ya ce uffan? Kai ne dai ba ka ji ba. Fim ɗin da aka ɗauko labarin daga ciki, Song of the South na 1946, tun shekarar da ya fito NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen Amurka, ta soke shi. A nan Atlanta inda nake aka fara haska shi, kuma James Baskett da ya fito a matsayin dattijon mai ba da labari bai halarci bikin ba saboda lokacin garin ana wariya, baƙaƙe da farare ba sa zama wuri guda. Mutum shi ne jigon fim amma babu kujerarsa.

Baban Hanifa: Hajiya ai ni ba fim nake karewa ba, lilo nake magana. Kin taɓa hawa kuwa? Babu dattijon nan a ciki, babu gona babu bayi, zomo ne da dila da wani ƙaton beyar sai kwaɗi da agwagi suna ta waƙa, kina zaune a kwalekwale mai kama da gungume ruwa na jan ki a hankali. Yaro ɗan shekara shida me ya sani game da 1946

Ummi: Yaya ai nan ne maganarka ta ci kanta. In babu matsala me ya sa suka cire dattijon tun farko? A fim da mutum-mutumin kwalta aka kama zomon, a lilon kuma suka mayar da shi gidan zuma saboda sun san sunan abin nan zagi ne ga baƙaƙe a Amurka. Kenan tun ranar da suke gini sun san akwai lauje cikin naɗi, suka ɗebi abin da za su iya sayarwa suka tura sauran ƙarƙashin gado. Rabon da su haska fim ɗin a silima tun 1986, ba su taɓa fitar da shi a kaset ko faifai a Amurka ba, Bob Iger, shugaban Disney a lokacin, da bakinsa ya ce ba za a sa shi a manhajar fina-finansu ta Disney+ ba

Kawu na Fagge: Ikon Allah. Mu muna nan muna lissafin kuɗin buhun shinkafa ku kuna can kuna musu kan lilo 😂

Baban Hanifa: Kawu ba za ka gane ba sai ka hau. Akwai wajen da kwalekwalen zai fara hawa sama a hankali cikin duhu, ungulaye biyu na zaune a samanka suna maka ba'a, ka ga dila ya riga ya kama zomo, kana jin ƙarar ƙarfen da ke jan ku sama ƙat ƙat ƙat, sai ka hango haske da ginin fadar nan can nesa, kafin ka gama bismillah an sako ku ƙasa wajen ƙafa 50 cikin sarƙaƙiyar ƙaya. Hanifa ranar da tsayinta ya kai inci 40 aka bari ta hau, ta riƙe min hannu har farcenta ya yi min shaida, hoton yana nan manne a firij ɗinmu, bakina a wangame hulata ta kusa tashi

Kawu na Fagge: To Allah ya kyauta. Da kuɗinka a jefo ka daga sama.

Maman Sultan: Wannan da ka faɗa na yarda da shi, kewa gaskiya ce, ni ma na so hawan. Amma kewa daban hujja daban. Ranar ƙarshe a Florida, 22 ga Janairun 2023, mutane sun yi layin sama da awa uku, wasu na kuka, washegari aka ga ana tallar ruwan lilon a kwalba a kasuwar intanet ta eBay. Ruwan famfo fa mai warin sinadari. Mutanen da suka kai nan ba za ka tambaye su fatawa kan tarihi ba.

Ɗan Zongo: Ku ba ni dama in shigo, ni ɓangarena daban ne da na ku duka. Labarin zomon nan fa ba na Disney ba ne, ba kuma na Joel Chandler Harris ba ne, baturen Jojiya da ya rubuta su a littafi wajen 1880. A bakin bayi ya ji su. Su kuma daga ina suka zo da su? Mu a Kumasi muna yara an ba mu labarin Ananse, wato Gizonmu na Ghana, da 'yar tsanar da aka shafe da danƙo, a mare ta hannu ya manne, a shure ta ƙafa ta manne. Ku ma kuna da shi a tatsuniyar Gizo, ya je satar gona ya tarar da budurwar danƙo. Abu ɗaya ne ya haye teku a cikin jirgin bayi. To ni abin da ke min zafi shi ne wajen wanke dattin 1946 an haɗa da zomonmu an zubar, ƙaramin da ba shi da ƙarfi sai wayo, wanda bayi suka riƙa faɗa wa 'ya'yansu da dare.

Baban Hanifa: Yauwa! Allah ya yi maka albarka, ka ga abin da nake faɗa

Ɗan Zongo: A'a Alhaji kar ka ja ni layinka, kai cewa ka yi babu laifi, ni cewa na yi akwai laifi amma ba na zomo ba ne.

Ummi: Maganar nan ta shige ni gaskiya, ban taɓa haɗa shi da Gizo ba. Amma Malam a cikin masu hawan nan mutum nawa ne suka san daga Afirka labarin ya zo? Babu allo ko ɗaya da na gani a wajen da ya faɗi haka. Abin da ya ɗauki shekara talatin bai faɗa ba, ba a shekara ta talatin da ɗaya zai faɗa ba. Ni kuma ɗiyata da muka hau sabon, Tiana's Bayou Adventure, ta ga Tiana tsaye tana magana tana motsa hannu kamar mutum, ta juyo ta ce Momi kalarmu ɗaya. Tiana ce gimbiyar Disney baƙar fata ta farko, fim ɗinta ya fito 2009, sai 2024 ta samu lilo nata

Baban Hanifa: To su gina mata sabo mana! Filin da suke da shi a Florida ya fi wani garin girma. Me ya sa sai an rushe na wani

Maman Sultan: Ba su rushe ba ai, kuma a nan ne nake ganin duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Kuɗi ne. Dutsen na nan, hanyar ruwan na nan, gangaren shi ne dai, riga kawai aka canza masa. Tiana tana sayar da 'yar tsana da riguna da abinci, zomo kuwa ba su iya ko nuna fim ɗinsa balle su yi ciniki da shi. Su ma sun ce tun 2019 suke aikin canjin, abin da ya faru a 2020 dai ya sa suka yi saurin sanarwa. Kuma shi kansa Splash Mountain ɗin da kwance aka haɗa shi, yawancin dabbobin da ke waƙa a na Kalifoniya an kwaso su ne daga wani wasa mai suna America Sings da aka rufe a 1988, wancan ma yana da masoyansa, wa ya yi musu zaman makoki? In da gaske tsabtace lamiri ne ya dame su ai da na Tokyo ma ya tafi, ga shi can yana aiki da zomonsa da dilansa.

Ɗan Zongo: Na Tokyo ba Disney ke da filin ba Hajiya, wani kamfanin Japan ne, Oriental Land, lasisi suke biya. Sai sun yarda.

Maman Sultan: Na sani, shi ya sa na ce kuɗi. Inda masu biya ba su damu ba an bar shi.

Baban Hanifa: Ko da na sallama muku maganar fim, akwai abu ɗaya da ba wanda zai musa min. Sabon ba shi da mugu. Labarin wai ana neman makaɗa ne cikin dabbobi don bikin Mardi Gras na New Orleans, Tiana da kada suna ta yawo a fadama, kowa na murmushi, to me ya kawo faɗowa daga sama? A tsohon akwai dalili, zomo ya yaudari dila ya ce yi min komai amma kar ka jefa ni cikin ƙaya, alhali ƙayar nan gidansa ce. Faɗowar ita ce labarin. Yanzu faɗowa ce kawai

Ummi: Wannan kam na ba ka Yaya, ni ma da muka zo hawan sama na ji kamar an manta ba a sa gishiri ba. Fitilun da kiɗan sun yi kyau sosai amma gabana bai faɗi ba

Baban Hanifa: Alhamdulillah yau Ummi ta yarda da ni a abu ɗaya, a rubuta kwanan wata

Ummi: Abu ɗaya fa, kar ka ƙara 😂 batun tsoro har yanzu ban saya ba

Kawu na Fagge: Ni dai abin da na tsinta a duk surutun nan shi ne Gizo ya je Amurka ya yi shekara talatin yana tara wa wasu dala, ko sisi bai aiko wa Ƙoƙi ba. Baban Hanifa turo mana hoton nan na firij mu ga bakin