Ɗakin injin jirgin ruwa ya matse, hannu ba ya kaiwa

Assalamu alaikum, manyan kanikawa. Ina neman shawara kan wani ƙaramin jirgin ruwa na faiba da nake kula da shi a Legas. Injinsa Yanmar 2GM20 ne, dizal mai silinda biyu, an cusa shi ƙarƙashin matakala, murfi ɗaya kawai ta gaba.

Duba baƙin mai da ɗaure bel ba matsala. Amma can baya, inda giyabos yake haɗe da sandar farfela, ruwa yana ɗiga fiye da ƙima, kuma notin da zan matse don rage ɗigar, yatsuna kawai ke taɓa shi. In na kwanta da ciki na zura sifana, kafaɗa ta toshe hasken tocila, sai lalube. Wanda ya tsara wurin nan da alama bai taɓa riƙe sifana ba.

Mai jirgin ya ce a yanka ƙofa a bangon katakon gefe. Tsorona, ko bangon yana riƙe da ƙarfin jikin jirgin. Ta yaya ake gane wanda za a iya yankawa? Ko akwai dabarar da ta fi, ban da ciro injin gaba ɗaya?